Hula Ba Ta Rufe Kunne

Kafin ka ci gaba da karatu, ɗaga hannu ka shafa saman kunnenka, can inda ya lanƙwasa. Yaushe rabon da ka ga wurin nan da idonka? Ko a madubi da ƙyar ake ganinsa, bayan kunne kuwa sai dai wani ya duba maka. A daidai wurin nan ciwon Baffana ya fara. Ni na fi kowa kallon ciwon a gidanmu, na shafe watanni ina kallonsa, amma ban san me nake kallo ba. Shi ya sa na ga ya dace in ba ku labarin yau.

Baffa ƙanin mahaifina ne, kuma zabiya ne. Garinmu wani ƙauye ne a ƙasar Dambatta. Wanda ya san yankinmu ya san gona manne take da gona, babu wani fili da ake bari ya huta. Da rani a kai taki, da ruwa ya sauka a shuka gero da dawa, a ratsa wake da gyaɗa a tsakani. Daga noman farko zuwa maimai, zuwa girbin gero, zuwa yankan dawa, mutum a cikin rana yake. Gonar Baffa tana da itatuwan gawo manya guda uku, amma kun san halin gawo: da damina yake zubar da ganye, wato lokacin da manomi ya fi bukatar inuwa shi kuma tsirara yake. Da an gama kaka kuma, Baffa sai ya nufi wajen madatsar ruwa ta Tomas noman rani, tumatir da albasa. Wata goma sha biyu na shekara, rana ba ta rabu da shi ba.

Ban taɓa ganinsa babu hula ba. Malafa kuwa ko kyauta aka ba shi ba ya sawa. Sai daga baya na gane dalili. Tun yana yaro ake nuna shi da yatsa, ana kiransa Baturen ƙauye, ana yi masa waƙa in ya wuce. Saboda haka ya tashi ba ya son duk abin da zai ƙara bambanta shi da sa'o'insa. Samari hula suke sawa, shi ma hula zai sa. To ita hula tsakar kai take rufewa, ta tsaya daidai saman kunne. Kunnen da ƙeya da wuya, ta bar wa rana.

Ina aji biyu na babbar sakandare lokacin da abin ya fara. Da farko saman kunnensa na dama ne ya yi kaushi, kamar an shafa masa yashi. Sai ya zama ɗan ƙurji. Sai ya fashe, ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi, ya yi jini kaɗan, ya sake yin ɓawo. Baffa ya ce hula ce take goge shi. Ni ake aika kemis in sayo kafso, ni nake ɓare shi in barbaɗa masa garin a kai bayan sallar isha'i. Kwana biyu sai wurin ya bushe, mu ce Alhamdulillahi, bayan mako ɗaya ya dawo ya ɗan fi da faɗi. Na taɓa ce masa, "Baffa, anya ba za a je asibiti ba?" Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, a kan wannan ɗan abin? Bari dai a gama maimai." Ni ma ban ƙara magana ba, don ba ya yi masa zafi, kuma a ganina abin da ba ya zafi ba ciwo ba ne.

Aka gama maimai, aka yi girbi, aka shiga noman rani. Da mikin ya kai faɗin kwabo, bakinsa ya kumbura ya yi tauri, sai manya suka fara kiran sunan da kowa yake tsoro: daji. Nan take aka yanke hukuncin da kuka saba ji, cewa daji ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙar likita ta taɓa shi sai ya fantsama. Aka koma jiƙe-jiƙe da turare da shafe-shafe. Wata rana ina shafa masa magani sai yatsana ya ci karo da wani ƙullutu mai tauri a ƙarƙashin muƙamuƙinsa, kamar kaluluwa amma ba ta zafi. Sai da wurin ya fara wari, ƙudaje suka hana shi zama a majalisa, sannan mahaifina ya ce ko ana so ko ba a so gobe sai Kano. Daga fitowar ƙurjin zuwa ranar, an haura shekara guda.

Ni na raka su, don ni ne mai karanta takardu. Likitar da ta duba shi ta daɗe tana kallon kunnen, ta taɓa wuyansa, sannan ta ce, "Malam, tun yaushe?" Da ya faɗa mata, ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi da a watan farko ya zo, aikin bai wuce na ɗan lokaci ba: a kashe wurin da allura, a yanke, a ɗinke, ya koma gida a ranar da kunnensa. Aka yanki ɗan mitsitsin nama aka kai ɗakin gwaji. Sakamako ya nuna sankarar fata ce. Aka yi masa tiyata, aka cire kunnen kusan gaba ɗaya, aka buɗe wuya aka kwashe kaluluwar da ciwon ya kama, sannan aka tura shi gashi da na'ura na tsawon makonni. Shanun huɗarsa biyu suka tafi a kasuwar Dambatta wata Lahadi. Gonar gawon nan aka jinginar da ita, har yau ba a fanso ta ba. Baffa yana raye, mun gode wa Allah. Amma duk ran da na kalli gefen kansa, sai na tuna kafson da nake ɓarewa.

Tun daga lokacin na shiga neman sanin abin da ya faru da shi, kuma ga abin da na fahimta.

A cikin fatarmu akwai wani sinadari mai suna melanin. Shi yake ba fata da gashi da ƙwayar ido launinsu, kuma shi ne laimar da Allah ya yi mana. A cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, ana kiransa UV, wanda yake ratsa fata ya lalata tsarin da ke cikin ƙwayoyinta. Melanin yana shanye kaso mai yawa na wannan haske. Zabiya an haife shi jikinsa ba ya samar da melanin sosai, ko ba ya samarwa sam. Gado ne, kamar yadda malamin bayoloji ya koya muku a kan sikila: in uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar gadon, ko da su baƙaƙe ne, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi zabiya. Ba aikin aljanu ba ne, ba laifin uwa ba ne, kuma ba a ɗauka ta cin abinci tare ko gaisawa. Mu kuma Kano muna kusan digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, inda rana take dukan ƙasa kusan a tsaye. Ɓarnar da take yi wa fata taruwa take yi kaɗan-kaɗan tun daga yarinta, shi ya sa a ƙasashenmu ake ganin zabaya da sankarar fata tun suna shekara ashirin da wani abu ko talatin, alhali a Turai an fi ganin irin ta a jikin tsofaffi.

Me ya sa kunne? Sake shafa naka. Fatar wurin siririya ce, a shimfiɗe kan guringuntsi, babu wani kitse ko tsoka a tsakani. Ga shi ya fito waje daga kai, samansa yana kallon sama. Ciwon da ya fara a nan ba ya yin doguwar tafiya kafin ya isa guringuntsi. Daga nan akwai hanyoyin da ke kai ruwan jiki zuwa kaluluwar gaban kunne, da ta bayansa, da ta wuya. Jijiyar da ke motsa fuska ma ta kusa da nan take wucewa, in ciwon ya kai gare ta baki yana iya karkacewa. Saboda haka likitoci suka sa kunne da leɓe cikin wuraren da sankarar fata ta fi saurin yaɗuwa daga gare su.

Sankarar fata iri-iri ce. Wadda ta kama Baffa likitoci na kiranta sikwamos, daga ƙwayoyin saman fata take tashi, kuma ita ta fi kama zabaya a Afirka. Sau da yawa takan yi sallama kafin ta shigo: wuri ya yi kaushi, ya riƙa yin ɓawo, wata da watanni. A wannan mataki likita yana iya kashe ta cikin sauƙi. Akwai wadda ake kira basal, mai tafiyar hawainiya, tana cin wurin da take amma ba kasafai take yaɗuwa ba. Akwai melanoma, wadda takan fito kamar baƙin tabo mai canza kama.

Sannan akwai wata da ba a cika gani ba, amma in ta zo ba ta jira, ita ce sankarar Merkel. Sunan na wani masanin ƙirar jiki ne ɗan Jamus, Friedrich Merkel, wanda a 1875 ya gano wasu ƙwayoyi a fata masu taimaka mana jin taɓawa. Sai a 1972 wani likita mai suna Cyril Toker ya fara bayyana ita cutar. A 2008 kuma masu bincike a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka suka gano wata ƙwayar bairos da ke da hannu a mafi yawan waɗanda suka kamu. Yawancin mutane suna ɗauke da wannan bairos a fatarsu ba tare da ta yi musu komai ba. Cutar ta fi kama waɗanda suka haura shekara 50, masu hasken fata, waɗanda suka sha rana, da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni. Kai da wuya, har da kunne, suna cikin wuraren da ta fi fitowa. Kamanninta su ne abin tsoron: ɗan ƙullutu ne mai tauri, mai sheƙi, ja ko mai ruwan hanta, ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, kamar cizon ƙwaro. Amma cikin 'yan makonni sai ya ninka, kuma yakan kai wuya tun mai shi bai ɗauke shi komai ba. Da irin wannan ce ta kama Baffa, shekarar da muka ɓata da ba ta bar mana shi ba. Na kawo ta ne don ku riƙe abu ɗaya: rashin zafi ba shaidar lafiya ba ce. Da wannan kuskuren na yaudari kaina.

Wani zai ce, ni baƙi ne wuluk, ina ruwana. Gaskiya ne melanin ɗinka yana kare ka sosai, haɗarinka bai kama ƙafar na zabiya ba. Amma baƙar fata ma tana yin sankara, sai dai ta wata ƙofar take shigowa. Tsohon gyambon da ya ƙi warkewa shekara da shekaru, ko tabon ƙunar wuta da ya sake fashewa, yana iya rikiɗewa ya zama sankara. Melanoma kuma a jikin baƙar fata ta fi son tafin ƙafa da ƙarƙashin farce. Ita ce ta kashe mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, a 1981 yana da shekara 36, kuma a babban yatsan ƙafarsa ta fara. Masu shafa man bilicin su ma su sani, laimar da aka ba su suke yayyagawa da hannunsu.

'Yan mata, na san wata tana karanta wannan gabanta yana faɗuwa saboda tsiron da ya fito mata a inda aka huda kunne. Kwantar da hankalinki. Mafi yawan irin wannan tsiro tabo ne da ya yi girma fiye da kima, ana kiransa kiloid, kuma ba sankara ba ne. Sai dai kada ki bari a ɗaure shi da zare ko a yanke shi da reza a gida, don yakan dawo ya fi da girma. Likita ne zai tantance, shi ne kuma zai san abin yi.

Sai batun daji ba ya son ƙarfe. Na daɗe ina tunanin inda wannan magana ta samo ƙarfinta. Ga abin da na lura da shi: mutum yana zaune da ciwo shekara guda ko biyu, sai ya ci jiki a kai shi asibiti, a yi aiki, bai tashi ba. Sai a ce ka gani, ƙarfe ya taɓa shi. Na gaba da ya ji haka shi ma sai ya ƙi zuwa da wuri. Wanda kuwa ya je a watan farko aka yanke aka ɗinke ya koma gonarsa, babu mai ba da labarinsa, don ko maƙwabcinsa bai san ya yi ciwon ba. Jinkiri ne yake kisa, wuƙar likita take ɗaukar laifi. Addu'a muna yi, ba ma fasawa, amma a yi ta a kan hanyar asibiti.

Yanzu bari in zo kanku. Baffa yana da ɗa, shi ma zabiya, don matar Baffa 'yar dangi ce kuma tana ɗauke da ƙwayar gadon. Bara ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Ubansa, wanda da ba ya taɓa malafa, shi ya je kasuwa da kansa ya sayo masa mai faɗin baki. A makon farko wani firfet ya ƙwace ta a wurin taron safe, wai ba ta cikin kayan makaranta, kuma ya sa shi tsallen kwaɗo a fili don ya yi gardama. Yaron ya dawo gida kunnuwansa jajur, washegari suka yi bororo. Da na zo hutu na ɗauki takardar asibitin Baffa na je wurin shugaban makarantar. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ya sami uban yaron nan, ga kuma abin da muke gudu." Ya karanta, ya yi shiru, sannan ya sa aka kira firfet ɗin. A ranar aka yarda ya riƙa sa malafa da riga mai dogon hannu, aka ɗauke masa shara da yankan ciyawa da tsakar rana, aka kuma dawo da shi bencin gaba, tunda zabaya galibi ganinsu yana da rauni. Firfet ɗin ba mugu ba ne. Bai sani ba ne, kamar yadda ni ma ban sani ba ina shekarunsa.

To kai da kake karanta wannan, yanzu ka sani. In akwai zabiya a ajinku ko a gidanku, ga abin da zai taimake shi. Malafa mai faɗin da zai yi wa kunne da ƙeya inuwa. Hular makaranta da hana-salla ba sa wannan aikin. Hijabi yana rufe kunne da wuya, amma ɗankwalin da aka ɗaura ta bayan kunne ba ya rufewa, kuma fuska da leɓe suna nan a buɗe. Riga mai dogon hannu, mai kauri. Aikin gona da wasan ƙwallo su zama da sassafe ko bayan la'asar, don daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma rana ta fi cizo. Hadarin damina da hazon hunturu ba sa tare hasken UV gaba ɗaya, kada sanyin gari ya ruɗe shi. In da hali a sayi man kariya daga rana, wanda aka rubuta SPF 50 a jikinsa, a shafa har saman kunne da bayansa, a maimaita bayan kamar awa biyu in ana cikin rana ko an yi gumi. Na san man yana da tsada a wurin manomi. Malafa kuwa ta kaba ce, a kasuwar ƙauye ake saƙa ta.

Sannan sau ɗaya a wata, ka zama madubinsa. Ka duba masa saman kunne, da bayansa, da ƙeya, da leɓe. In ka ga wurin da ya yi kaushi ya ƙi tafiya, ko miki da ya kai mako uku zuwa huɗu bai warke ba, ko wanda yake yin ɓawo yana dawowa, ko ƙullutu mai girma da sauri, ko kaluluwa mai tauri a wuya, to a tafi asibiti a makon nan. Kada a jira a gama maimai. A fara da babban asibitin da ya fi kusa, a roƙi a tura shi gaba in abin ya fi ƙarfinsu. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da likitocin fata, da na kunne da hanci da maƙogwaro, da ɗakin gwajin nama. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, yana da sashen kula da masu sankara. Haka za ka yi wa kakanka da ya tsufa a gona, ko da baƙi ne.

Kowace ranar 13 ga Yuni ita ce ranar wayar da kai game da zabaya ta duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware, aka fara yin ta a 2015. A Najeriya akwai gidauniyar zabaya da Jake Epelle ya kafa, wadda ta daɗe tana kuka a kan sankarar fata. 'Yan kulob ɗin lafiya da na muhawara, ku nemi izinin minti biyar a taron safe na ranar. Abin lura kuma shi ne ranar tana faɗowa daidai lokacin shuka a wajenmu, lokacin da ake kwashe yara zuwa gona.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi mini nauyi. Tsokana ce ta raba Baffa da malafa. Yaran da suka riƙa bin sa da waƙa shekara talatin da suka wuce ba su san me suke shukawa ba. In ka ga ɗan ajinku zabiya ya zo da malafa ranar Litinin, kada ka yi dariya, kada ka bari a yi. In kana da ƙarfin hali ma, ran aikin gonar makaranta ka sa taka ku zama ku biyu.

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Baffa da kansa ya ba ni izinin rubuta wannan. Da na karanta masa, sai ya gyara zaman malafarsa ya ce, "Ka ƙara da cewa su duba na iyayensu yau, kada su bari sai gobe." To na ƙara.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba ku sa'ar karatu.